Ƙurar Janairu bisa hanyar Tsernawa

Kwaltar da ta taso daga Tawa ta nufo kudu, bayan ta ratsa Badagishiri cikin ƙasar Illela, a Tsernawa take gamuwa da babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Wanda ya karkata hagu zai riski Malbaza da masana'antarta ta siminti, sa'annan Galmi da albasarta. Wanda ya karkata dama kuwa, tafiya kaɗan ce ya shiga Birnin Ƙonni, daga nan sai Dogondutsi, Doso da Yamai. Mazauna bakin wannan hanya sun saba da masu wucewa: kamiyoyin yuraniyom da a da ke tasowa daga Arlit zuwa tashar ruwan Kwatano, motocin albasa, garken shanu, fatake, almajirai. Ba su cika ɗaga kai ba. Amma akwai wasu masu wucewa da har yau, in aka ambace su a rumfunan gyaran babur, dattawa kan ajiye aiki su gyara zama. Su ne ƴan tseren Pari-Dakar, waɗanda suka riƙa ratsa Nijar cikin hunturun Janairu tun daga 1979.

Asalin gasar sananne ne. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata cikin sahara bisa babur a 1977, lokacin tseren Abijan zuwa Nis. Da aka tsamo shi da rai, maimakon ya tuba, sai ya ƙudurta kai wasu inda ya kusa halaka. Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Pari. Ranar 14 ga Janairu 1979 guda 74 suka isa Dakar, bayan sun bi ta Aljeriya, Agadas, Yamai da Mali. Wanda ya zo na farko matashi ne mai suna Cyril Neveu, bisa Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya wanda kowane mai kuɗi zai iya shiga kanti ya saya. Ya maimaita a 1980.

To amma mai karatu ya sani, abin da Agadas ta gani daban, abin da Ƙonni ta gani daban. Agadas ta ga kan gasar: jirage, ƴan jarida, manyan zakaru suna hutawa. Tawa ma ta karɓi baƙuncinta a wasu shekaru. Ƙonni, a faɗar waɗanda suka shaida, wutsiya ta fi gani. Masu neman nasara cikin daji da rairayi suke bi, ba ruwansu da kwalta. Waɗanda kwalta ke kawowa su ne motocin kayan gyara, da waɗanda aka fidda daga gasar, da baburan da suka karye aka ɗaure su bisa kamiyo kamar ragunan layya. Wannan ya sa ƙaunar da wasu mutanen yankin suka yi wa tseren ba irin ta ɗan kallo ba ce. Ƙauna ce ta mai sana'a da ya leƙa rumfar wani mai sana'a.

Akwai wani dattijon makanike a Ƙonni, ya haura shekara 60, yaransa Maigida kawai suke ce masa. Yana yaron shago lokacin da aka fara gasar, aikinsa wankin kafireta da miƙa sufana. Shi bai taɓa ganin an kai ƙarshen tsere ba, bai kuma taɓa ganin an ɗaga kofi ba. Abin da ya riƙe a ransa wata yamma ce da wani Bature, wanda gasar ta riga ta bar shi baya, ya turo babur har bakin rumfarsu, leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa ja wur. Ba sa jin yaren juna sosai, injin ne ya yi musu tafinta. Maigida yakan ce ranar ya fara ganin babur mai wata ƴar taga a saman inji, inda mahayi zai leƙa ya ga fistan ya zo daidai kafin ya taka kik, da wani ɗan hannu na sassauta numfashin silinda. Wanda ya taka ba bisa ƙa'ida ba, babur ɗin zai mayar masa da bugun har ya gurɗe. Haka XT500 take, duk wanda ya taɓa ta ya sani. Baturen ya bar musu buji biyu da wata mujalla da ta sha maiƙo. Bujin an daɗe da amfani da su. Mujallar kuwa ta zagaya rumfuna har ta zama tsumma.

Daga wannan mujalla da ire-irenta, da kuma abin da ake saurare a rediyon Faransa, aka san sunayen. Hubert Auriol, wanda aka haifa a Adis Ababa, shi ya sa Faransawa ke masa laƙabi da ɗan Afirka, ya ci a 1981 da 1983 bisa BMW. Wannan babur na Jamus ya jawo gardama mai tsawo a tsakanin makanikai, domin silindojinsa biyu a gefe suke, ɗaya dama ɗaya hagu kamar kunnuwan jaki, kuma ba shi da sarƙa: sandar ƙarfe ce cikin kube take juya ƙafar baya, irin ta mota. Wasu suka rantse ƙarya ce, har sai da aka ga guda bisa kamiyo a tashar mai, aka durƙusa aka duba. Gani ya kori ji. Sai kuma Gaston Rahier, ɗan Beljik, gajere ƙwarai, wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa daga bisa wannan dokin ƙarfe. Yakan tada babur yana gefe, sai ya fara tafiya ya yi tsalle ya haye. Ya ci a 1984 da 1985. Gajerun samarin Ƙonni sun sami gwani, kuma an ce ba ɗaya ba ba biyu ba sun ƙuje gwiwa wajen kwaikwayonsa.

Shekarun nan na Rahier, a nan yankin, da wani abu daban ake tuna su. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ta kuma canza takardun naira. Ba a buɗe ba sai a 1986. Damina ta ƙi a wannan shekara, aka shiga yunwar da talakawan ƙasar Hausa ta Nijar suka raɗa wa suna El Buhari. Ƙonni gari ne da ke numfashi ta iyaka. Tsakaninta da Illela ta Najeriya, cikin jihar Sakkwato, tafiyar ƴan mintoci ce. (Baƙo ya kiyaye: Illela biyu ce, ta Najeriya a kudu, ta Adar a arewa, kuma masu kabu-kabu sun sha cin kuɗin wanda bai bambance ba.) Da aka tare motoci a shinge, sai babur ya zama mafita, tun da shi ba ya bukatar hanya, ƴar siririyar turba tsakanin gonaki ta ishe shi. A nan sana'ar kabu-kabu ta kafu a Ƙonni, kafin ta bazu sauran garuruwan ƙasar.

Aminin Maigida, mutumin wani ƙauye na Illela ta Adar, yana cikin waɗanda suka fara wannan sana'a. Yunwa ce ta koro shi daga gona, ya karɓi Suzuki A100 na wani ɗan kasuwa bisa sharaɗin biya kullum. Yanzu ya tsufa, gwiwoyi sun ƙi, amma duk lokacin da kasuwa ta kawo shi Ƙonni sai ya biya rumfar, kuma gardamarsu guda ce shekara da shekaru. Shi a wurinsa ba a yi wa ƴan kabu-kabu adalci ba.

"Kai dai Turawa ke burge ka," yakan ce. "Mutum na da taswira, na da likita a jirgin sama, na da mai jiran shi da sabuwar taya in ya sauka. Ni buhun masara biyu nike ɗaurawa, da jarkar fetur a tsakanin ƙafafuna, cikin dare, fitila a kashe, ƴan duwan na baya. In na faɗi, wa zai zo? Sai Allah."

"Ai ban ce ba ka iya ba, Malam," Maigida kan amsa. "Amma kai kilomita 20 kake yi ka dawo ka sha fura. Su 700 suke yi a yini, gobe su sake."

"A ba ni babur ɗinsu da abincinsu, mu gani."

Nan maganar kan tsaya, don babu wanda ya taɓa ba shi. Gardamar ta fi ƙarfin raha. Tun da aka fara gasar har yau, babu ɗan wata ƙasa ta Sahel da ya taɓa cin ta bisa babur, ba kuwa don an gwada su an tarar ba su iya ba. Kuɗin shiga, da na babur, da na makanikai, sun isa su ciyar da ƙauye. Ɗan Afirka da ya fi kusantar kofin babura a ƴan shekarun nan shi ne Ross Branch na Botswana, wanda ya zo na biyu a 2024, a lokacin da gasar ta daɗe da barin nahiyar. Abin da tsohon ɗan kabu-kabu ke faɗa da bakinsa na wasa shi ne: an yi biki a tsakar gidansu, an ba su izinin leƙe ta katanga.

Wani irin tseren kuma ya iso yankin ta wata ƙofa, ba ta hanya ba. Da gidajen kallon bidiyo suka yawaita wajen ƙarshen shekarun 1980, a cikin kasakasan Indiya da na ƴan karate da ake kawowa daga Sakkwato da Kano akan tsinci na gasar duniya ta babura, wadda ake yi bisa zagayayyen filin kwalta a Turai, Japan da Amurka. Babu rairayi, babu raƙumi, sai mutane cikin rigar fata suna kwantar da babur a kwana har gwiwa na shafar ƙasa. Yawancin ƴan kallo kan gaji su nemi a sa musu fim. Makanikai ne ke zama. Sun ji wani abu da sauran ba su ji ba: kukan injin. Wannan siririyar ƙara mai kama da ta zuma cikin gora, sun san ta. Ita ce ƙarar Suzuki A100 da Yamaha YB100 da mobilet ɗin da suke kwancewa kullum, an dai ninka ta ne.

Gaskiyarsu. Baburan ajin 500 na wancan zamani injinsu mai bugu biyu ne, kamar na kabu-kabun farko. Irin wannan inji yana kunna wuta duk juyi ɗaya, alhali mai bugu huɗu sai ya yi juyi biyu kafin ya kunna sau ɗaya. Ba shi da bawul a ka, ramuka ne a jikin silinda waɗanda fistan da kansa ke buɗewa yana rufewa. Baƙin mai tare da fetur yake ƙonewa, shi ya sa shuɗin hayaƙi, shi ya sa kuma masu mobilet ke sayen melanji. Ba shi da nauyi, ba shi da wuyar kwancewa, yana da zafin nama, ga shan mai ga saurin cin fistan. Bambancin kawai, na ƴan gasa silinda huɗu ne, kuma a shekarun 1990 sun wuce gudun kilomita 300 a awa, ƙarfinsu kuma kan zo ne gaba ɗaya kamar harbin jaki, ya ɗaga mahayi sama ya maka shi da ƙasa.

Maigida ya haddace su kamar jerin sarakuna. Barry Sheene na Ingila bisa Suzuki, 1976 da 1977. Kenny Roberts na Amurka bisa Yamaha, shekara uku a jere daga 1978. Freddie Spencer, wanda a 1985 ya haɗa kofin ajin 250 da na 500 a shekara guda. Eddie Lawson, sau huɗu. Sai kishiyoyin nan biyu da suka raba rumfar gida biyu, Wayne Rainey na Yamaha da Kevin Schwantz na Suzuki. Tun da baburan da ke ciyar da garin Yamaha ne da Suzuki, kowane ɗan kabu-kabu ya san ɓangarensa ba tare da an tambaye shi ba. Rainey mai natsuwa ne, ya ci 1990, 1991 da 1992. Schwantz ɗan ganganci ne, ko ya ci ko ya faɗi. Kasakasan kan makara da watanni, wani lokaci da shekara, don haka an daɗe ana yi wa Rainey kirari a Ƙonni bayan ya riga ya faɗi a filin Misano na Italiya, a watan Satumba 1993, ya karya gadon baya, bai sake takawa ba. Schwantz ne ya ɗauki kofin shekarar. Maigida, wanda ɗan Suzuki ne tun asali, ya ce da labarin ya iso bai iya yi wa kowa dariya ba. A unguwarsu akwai wani yaro da ke kwance shekara biyu, shi ma babur ne ya kayar da shi a hanyar iyaka, kuma shi ba a kai shi ko'ina ba sai wurin mai ɗori.

Ba kowa ne ke tuna Janairun nan da daɗi ba, kuma rashin adalci ne a bar wa makanikai labarin su kaɗai. Wata tsohuwa da ta shekara 30 tana sayar da tuwo a mararrabar Tsernawa, abin da ta riƙe shi ne yadda ake kulle yara a gida in an ji ƙarar ta taso, da yadda ƙura ke rufe kwanukan abinci, da ƴan kwalaye da gwangwanayen da baƙin ke jefarwa yara na kokawa a kai. Wannan na ƙarshe ne ya fi ci mata rai. A Janairun 1985, in ji ta, mutane sun gangaro daga arewa ba su da ko akuya, suna kwance bakin hanya, ga waɗansu na wucewa da motoci masu ɗauke da tayoyi da fetur da ruwan kwalba. Ba ta zagi kowa ba. Cewa ta yi, ranar ta gane duniya ba ɗaya ba ce.

Tsoronta ba na banza ba ne. Gasar ta kashe mutanen ƙauyuka a ƙasashen da ta ratsa, yawancinsu yara. A 1988 wata yarinya ƴar shekara 10 ta mutu a Kita ta Mali bayan motar tsere ta buge ta, kuma a wannan shekara har jaridar fadar Paparoma ta yi tir da gasar. Sunayen matuƙan da suka mutu suna nan a rubuce, ana tuna su kowace shekara. Na ƴan ƙauye da wuya a same su a jere. Masu shirya gasar sun ji sukar. A 1986 mawaƙin Faransa Daniel Balavoine ya biyo ayarin da shirin kafa famfunan ruwa a ƙauyukan Sahel. Ranar 14 ga Janairu na wannan shekara, ranar da ayarin ya bar Yamai, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da shi da Thierry Sabine da wasu mutum uku ya faɗi kusa da Gurma Rarus ta Mali, babu wanda ya fita. An watsa tokar Sabine a gindin wata bishiya tilo cikin Tenere. Ana iya jinjina wa niyyar mai famfo, a kuma yarda cewa famfo ba ya biyan diyyar ɗa. Wanda ya ce tseren alheri ne zalla bai zauna da uwayen ba. Wanda ya ce sharri ne zalla bai ga fuskar yaron shagon da ya fara fahimtar cewa sana'arsa, wadda ake rainawa, ita ce wasu ke yi a gaban kyamarorin duniya ba.

Akwai kuma ribar da ba a raba da kowa ba. A 1983 kamfanin Yamaha ya fito da babur ya sa masa suna Ténéré, ya bi shi da Super Ténéré a 1989, kuma har yanzu ana sayar da wani mai wannan suna. Honda, wadda ta ci gasar shekara huɗu a jere daga 1986 zuwa 1989, ta sayar da Africa Twin a duniya. Sunan hamadar Nijar ya shiga kantunan Turai da Japan bisa tankunan baburan da ba a ganin su a kasuwar Ƙonni sai in wani ɗan yawon buɗe ido ya tsaya shan mai.

Janyewar gasar daga ƙasar nan sannu a hankali ta zo. Bayan abin da ya faru a Cintabaraden a 1990 da tawayen da ya biyo baya a arewa, ayarin ya kauce wa Nijar daga 1993 zuwa 1996. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, ya dawo a 1997, daga Dakar zuwa Agadas da komawa, ya bi ta Tawa. Stéphane Peterhansel ne ya ci bisa Yamaha, ɗaya daga cikin nasarorinsa shida a babur. A Janairun 2000 aka shirya tafiya daga Dakar zuwa Alƙahira. Ayarin ya iso Yamai, kuma duk wanda zai bar Yamai ya yi gabas bisa kwalta, ta Ƙonni da Malbaza zai bi. Maigida ya ce sun share gaban rumfa, sun sa yara sun wanke kayan aiki. Sai labari ya zo cewa an sami barazanar hari a arewa, an soke sauran zangunan Nijar, an loda motoci da babura cikin manyan jiragen Antonov an tsallaka da su Sabha ta Libiya. Ta sama suka wuce. Daga nan ba su sake dawowa ba. An soke gasar 2008 gaba ɗaya bayan kisan wasu Faransawa huɗu kusa da Aleg ta Moritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 a Kudancin Amurka aka yi ta, daga 2020 kuma a Saudiyya. Sunan Dakar kawai ta tafi da shi.

Injin mai bugu biyu ma kusan tare suka yi sallama. Bayan mulkin Mick Doohan na Ostareliya, wanda ya ci shekara biyar a jere daga 1994 zuwa 1998 da ƙafar da likitoci suka kusa yankewa, Valentino Rossi ya ɗauki kofin ƙarshe na ajin 500 a 2001. A 2002 aka buɗe wa manyan injuna masu bugu huɗu ƙofa, cikin ɗan lokaci tsohuwar ƙarar ta ɓace daga babban aji. A Ƙonni ba doka ce ta kashe ta ba, aljihu ne. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta sa duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsada. Da baburan Sin suka shigo a farkon shekarun 2000, su Jincheng da Kasea, daga baya kuma Bajaj na Indiya, masu arha, masu bugu huɗu, marasa shan mai, ɗan kabu-kabu bai yi dogon tunani ba. Ba a zarge shi ba: mai ciyar da gida ba ya sayen ƙara.

Abin da ke damun Maigida a nan ba kewa ba ce kawai. A da, in ji shi, fistan ya ci, sai a gyara silinda a sa na gaba da shi. A kankare, a auna, a saurara da kunne. Yaro kan shekara biyar kafin a bar shi ya buɗe inji shi kaɗai. Yanzu kayan sun yi arha har gyara ya fi saye tsada, don haka cirewa ake a jefar a ɗaura sabo. Yaransa sun fi shi sauri, ya yarda. Amma in ya tada inji ya ce su faɗi ciwonsa daga ƙararsa, sai su dubi juna.

Ga shi kuma babur ɗin kansa ya canza fuska a idon hukuma. Abin hawan da ya ceci garin lokacin El Buhari, shi ne ƴan bindiga suka mayar dokin yaƙi. An hana hawansa a yankin Difa a 2015, a sassan Tilaberi a farkon 2020, kuma a ƙetaren iyaka jihohin arewa maso yammacin Najeriya sun sha taƙaita shi. Iyakar ma ta sake rufuwa, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'annan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma kowane karo turbobin cikin gonaki ne suka ɗauki nauyin garin, kamar 1984. Sai dai matashin da ke bin su yanzu ba ɗan duwan kaɗai yake tsoro ba. Ayarin babura goma da ƙura a bayansu, wanda a da zai fito da yara bakin hanya suna tafi, yau in ya tunkaro ƙauye mata ne ke kwashe ƴaƴansu.

Ƙaramin yaron shagon, ɗan shekara 15, yana da wayar da ke nuna masa gasar Saudiyya a ranar da aka yi ta. Wani Janairu ya kai wa Maigida ya gani. Dattijon ya riƙe wayar nesa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Nawa ne injin?"

"450 ne, Baba. Duka haka doka ta ce."

"Silinda ɗaya?"

"Ɗaya."

"To ai sun dawo inda Neveu ya fara." Ya miƙa masa wayar. "Ina mutanen garin?"

"Wane gari, Baba? Rairayi ne kawai."

A bayan rumfar, ƙarƙashin wani tsohon buhun siminti na Malbaza, akwai Suzuki A100 guda, ita ce wadda amininsa ya gama biya a 1987, ya hau ta har ta gaji, ya kawo ajiya. Komi nata na nan sai zoben fistan. An aika Sakkwato ba a samu ba. Wani direban motar albasa ya yi alkawarin dubawa a Kano, a wurin masu tsofaffin kaya, in ya je bayan girbin Galmi. Maigida ya rubuta masa awon a bayan kwalin sigari, ya kuma ce in an sami biyu a haɗo.